Yadda Muka Tayar Da Tsohuwar Peugeot 504 A Akurba

Daga Wakilinmu na Arewa, Lafiya

Duk wanda ya fita daga garin Lafiya ya kama hanyar Shendam, ba zai yi nisa ba zai iske Akurba. A 'yan shekarun nan sunan garin ya shiga bakin jama'a saboda babbar tashar wutar lantarki da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a can cikin 2022. Amma ba zancen lantarki ne ya sa na ɗauki alƙalami yau ba. Zancen wata tsohuwar mota ne, Peugeot 504 wagon, irin wadda mutanenmu ke kira Fijo, wadda ta yi damina biyar a gindin mangwaro a bayan gidanmu, tayoyinta a sace, kaji suna saka ƙwai a kujerar baya.

Motar mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa. Da ita ya yi haya tsakanin Lafiya da Jos, wani lokaci Makurɗi, tun tana ɗauke da lambar Jihar Filato, watau kafin a ƙirƙiro Jihar Nasarawa ran 1 ga watan Oktoba na 1996. Da ita ya ciyar da mu, ya biya kuɗin makarantarmu. Da ciwo ya kwantar da shi sai aka ajiye ta da niyyar kwana biyu, ashe ajiyar ke nan.

Na san da yawa daga cikinku, 'yan'uwa mazauna Kurmi, ko a Agege kuke ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, ko Shagamu, ko Anacha, ko Fatakwal, kun baro irin wannan mota a gida. Wasunku ma suna aiko da kuɗi a kai a kai wai a tayar da ita, shekara ta zagayo, mota tana nan inda take, kuɗi kuwa sun bi ruwa. Saboda ku na rubuta wannan, don mu ma saura kaɗan mu faɗa wannan rami.

Rigimar farko ba ta kanikanci ba ce, ta gado ce. Sau uku 'yan gwangwan suna zuwa suna taya motar da kilo, kamar tsohon garwa. 'Yan'uwanmu mata suka ce a sayar a raba, kuma gaskiya suna da haƙƙinsu, don mota a gindin bishiya ba ta biya wa kowa kuɗin asibiti. Yayanmu, wanda ke sana'ar doya a kasuwar Mile 12 a Ikko, ya ce sam ba za a sare motar Baba da gatari yana da rai ba. Sai da aka kira malami da dattawan gida, aka sa kanikawa biyu suka yi mata kuɗi, Yaya ya biya kowa rabonsa, sa'an nan ta zama tasa. Aka yi sharaɗi: kuɗi nasa, zirga-zirga tawa.

MOTAR DA TA GOYI ƘASAR NAN

Yaran yanzu da suka tashi suka ga Toyota da Honda ba za su gane dalilin wannan naci ba. A Faransa aka fara fito da 504 cikin 1968, a shekarar da ta biyo kuma aka zaɓe ta motar da ta fi kowace a Turai. Cikin 1975 ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka, tseren da ake yi cikin taɓo da ƙura da duwatsun Kenya. A wannan shekara ce kuma, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka buɗe ma'aikatar haɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna, daidai lokacin da ma'aikatar Volkswagen ta fara fitar da kunkuru a Ikko, kan hanyar Badagiri. Bayan rasuwar Janar Murtala Muhammed a 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ce manyan ma'aikata su rage ƙawa, 504 ta zama motar gwamnati. Daga nan ba ma'aikatar da ba ta da ita, ba tashar da ba ka ganinta a layi, salun da wagon da akori-kura.

Faransa ta daina yin salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har fiye da shekara 20 bayan haka. Ƙasar Ajantina ma ta yi ta yi har 1999. Duka-duka an yi fiye da miliyan 3 a duniya. Abin da ya karya ta a nan shi ne faɗuwar darajar Naira tun daga 1986, sa'ad da sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, 'yan Kwatano suka cika ƙasa. Amma yawan da aka yi shi ne rufin asirin mai gyara a yau, don har yanzu kayanta ba su ƙare a kasuwa ba, sai dai a sha wuyar nema.

BAI BUƊE BONET BA

Na samo wani tsohon bakanike a cikin Lafiya wanda ya koyi aiki a Kaduna, ya kuma tsufa a kan Fijo. Na ɗauka da zuwansa zai buɗe bonet ya duba inji. Ko kallon bonet ɗin bai yi ba. Ya sa yara suka sare ciyawa, ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashin motar da guduma da sukundireba, ya yi ta ƙwanƙwasa yana saurare wajen rabin awa.

Dalili shi ne, 504 salun da wagon ba su da shasi dabam irin na babbar mota, wanda za a ɗage bodi a aza wani. Bodin shi ne ƙashin bayanta, a jikinsa aka ɗaure inji da ƙafafu da komai. In tsatsa ta cinye wuraren da ke ɗaukar nauyi, to ko sabon inji ka saka daga Faransa, ka zuba ruwa a kwando. Wuraren da ya fi dubawa su ne kawunan shokazoba na gaba, can cikin bonet ta hagu da dama, da mazaunin sifirin na baya, da dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, da daɓen da direba ke aza ƙafa. Ƙasar Lafiya ƙasar ruwa ce, ciyawa kuma tana riƙe laima a ƙarƙashin mota har bayan damina. Ku da ke bakin teku abin ya fi muni, gishirin iskar Ikko yana cin ƙarfe fiye da ruwan samanmu, saboda haka wanda zai sayi tsohuwar Fijo a can ya buɗe ido.

Mu dai Allah ya taimake mu. Daɓen gaba ya huje har kana hango ƙasa, ƙarƙashin ƙofar hagu ya ruɓe, amma kawunan shokazoba da mazaunin sifirin suna nan garau. Bakaniken ya gaya mini a fili cewa da waɗannan ne suka ruɓe, da shawararsa ita ce a kira 'yan gwangwan. Aka ja ta zuwa wurin mai gyaran bodi, aka yanke ruɓaɓɓen ƙarfe aka yi waldar sabo. Na tsaya a kansa da kaina, don na san halin wasu, su cusa takarda da fila su shafe, ka ga abu sumul, damina ɗaya ya zubo.

A nan muka fara saɓani da Yaya. Shi so yake a yi fenti nan da nan, a aika masa da hoto ya nuna wa abokansa a Mile 12. Ban ga laifinsa ba, mutumin da ke nesa yana aiko da guminsa yana son ya ga abin da ido ke gani. Amma wannan shi ne ramin da na ambata. Mota da yawa an yi musu fenti da sababbin kujeru, kuɗi suka ƙare, ƙafa tana nan a ruɓe, aka mai da su gindin bishiya suna ƙyalli. Na ce masa fenti shi ne na ƙarshe. Ya yi kwana uku bai ɗauki wayata ba.

KAYA DAGA IKKO

Kayan Fijo iri uku ne a kasuwa. Akwai tsohon ajiya, watau sabon kaya na asali da ya kwana a shago tun zamanin da motar ke tashe, shi ne ya fi kyau, shi ne kuma ya fi wuyar samu. Akwai na hannu, wanda aka ciro daga motar da aka yanka, ko a nan ko a waje. Sa'an nan akwai sabo na kwaikwayo, kwalinsa da hoton zaki, cikinsa kuwa sai Allah. A cikin na ukun nan akwai mai kyau akwai na banza, kuma ba a ganewa daga kwali.

A Lafiya ana samun ƙananan abubuwa, fulogi da fanbel da takalmin birki. Manyan kaya sai an fita. Mu a Arewa muna da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Apo a Abuja. Ku kuma kuna zaune kan arziki ba ku sani ba: ga Ladipo a Mushin, ga kasuwar Gate a Badun, ga Mgbuka ta Obosi kusa da Anacha, ga Nkwo ta Nnewi. Kanikawan Lafiya da yawa kayan da suke sakawa daga waɗannan kasuwanni suka fito, bayan sun bi hannu uku kowa ya ɗora ribarsa. Saboda haka muka ga ya fi sauƙi Yaya ya saya a can, ya ba direbobin manyan motocin da suka sauke doya za su komo gida babu kaya.

Tafiyar farko asara muka yi, kuma laifinmu ne. Na gaya wa Yaya a waya ya sayo kayan ƙafar baya na 504. Ya je ya faɗa haka, wani mai shago ya haɗa masa kaya buhu guda, ya rantse masa cewa su ne. Da suka iso, bakanike ya zazzage buhun, ya dube ni ya yi dariya. Kayan 504 ne ba shakka, amma ba na tamu ba.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Ƙafar bayan 504 ba iri ɗaya ba ce. Salun ta asali kowace tayar baya da hannunta, tana hawa tana sauka ita kaɗai. Akwai kuma salun mai aksul guda miƙaƙƙe, wanda ya haɗa tayoyin biyu. Wagon ma aksul guda gare ta, amma sifirin ɗinta na naɗi huɗu ne, biyu a kowane gefe, saboda kaya. Akori-kura kuwa sifirin ɗin faranti gare ta irin na babbar mota. Suna ɗaya, lamba ɗaya, kaya huɗu. Mai shagon ya ƙi karɓar kayansa, ya ce abin da aka tambaya shi ya bayar, sai da Yaya ya sayar da su da faɗuwa.

Tun daga ranar muka sake dabara. Duk abin da za a saya, sai mu cire tsohon, mu wanke, mu ɗaure a buhu, mu ba direban doya ya kai wa Yaya. Shi kuma ya je kasuwa da shi a hannu, a aza sabo kusa da tsoho, a gwada rami da rami, tsawo da tsawo. Hoto a waya yana taimakawa, amma hoto ba ya nuna bambancin rabin inci. Kuma kowane kaya da rasit mai sunan shago. Wannan ya ja mana lokaci, kowane zuwa da dawowa kusan mako biyu, amma ba mu sake asarar kwabo ba.

AIKIN ƘAFA

Abin da ya sa tsofaffin direbobi ke yabon 504 har gobe shi ne ƙafarta. Sifirin ɗinta dogo ne mai laushi, taya tana da wurin hawa da sauka mai yawa, shi ya sa take haɗiye rami kamar ba ta gan shi ba. Wanda ya gyara inji ya bar ƙafa, bai dawo da Fijo ba.

Da gaba muka fara. Tsarin gaban shi ne wanda ake kira da sunan wani injiniya Ba'amurke, MacPherson: shokazoba yana tsaye a cikin sifirin mai naɗi, kansa a ɗaure a bodi, gindinsa a wurin taya. Ana ciro su tare, sa'an nan a raba. A wurin rabawar nan ne haɗari yake, don sifirin a matse yake da ƙarfin da ke ɗaukar nauyin inji. In aka kwance notin sama ba a kama shi ba, zai yi tsalle ya fasa fuskar mutum. Na ga yara a wasu garejoji suna ɗaure shi da igiya ko waya suna Bismillah. Bakanikenmu yana da ƙarfen matse sifirin guda biyu, tsofaffi tun na Kaduna, kuma ya kori kowa daga gaban abin kafin ya taɓa noti.

Da aka fito da sifirin biyun sai ya tsayar da su a kan siminti kusa da juna. Na hagu ya fi na dama gajarta a fili, don gefen direba ne, shi ya sha nauyi shekara da shekaru. Ni na ce a sake guda ɗaya a rage kuɗi. Ya ce ba a yi wa mota takalmi ƙafa ɗaya. Sifirin da shokazoba bibbiyu ake sakewa, in ba haka ba mota za ta karkace, ta riƙa ja gefe in an taka birki.

Shokazoba kuwa gwajinsa a hannu ne. A kama shi a bayis a tsaye, a ja sandar sama a tura ƙasa. Mai lafiya zai yi ta turjiya daga farko har ƙarshe ba tare da wani wuri ya zube ba. Namu ɗaya ya tsiyaye mai, ɗayan kuma kana tura shi kamar famfon keke. Na gaban 504 ana iya buɗe shi a gyara cikinsa, shi ya sa wasu ke ɗura masa baƙin mai su rufe su ce sun gyara. Wannan gyaran mako biyu ne. Mu sababbin ciki muka saka.

Sai bushi, watau robobin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe a hannuwan ƙafa. Duk na motarmu sun bushe sun tsattsage, waɗansu ma ba na kamfani ba ne, na tsohuwar taya ne da masu yanka ke yi a bakin kasuwa. Ba na raina masu wannan sana'a, sun fitar da direbobi da yawa kunya a lokacin da kaya suka yi wuya, Baba ma da su ya yi ta lallaɓawa. Amma robar taya ta fi tauri, ba ta murɗawa yadda ake so, sai ta riƙa tura dukan hanya cikin bodi, tsohon bodi kuwa ba ya son duka. Muka nemo na gaskiya.

A nan na koyi wani abu da ko kanikawa ba duka suka damu da shi ba. Bayan an saka sababbin bushi, bakaniken bai ɗaure notinansu tamau ba. Ya bari sai da aka sauke motar daga jak, ta zauna a kan tayoyinta, aka girgiza ta, sa'an nan ya shiga ƙarƙashi ya ɗaure. Dalili kuwa, in aka ɗaure tana rataye, da an sauke ta robar za ta murɗe ta zauna a murɗe dare da rana, wata kaɗan ta yage, mai mota ya ce an sayar masa da jabu alhali aikin ne bai yi ba.

Boljoyin da tayarod ba mu yi ciniki a kansu ba, sababbi muka saka duka. Wanda ya taɓa ganin mota a gefen hanya tayar gaba ta kwanta a ƙarƙashinta, to boljoyin ne ya fita. A hawan da ke tsakanin Nasarawa Eggon da Akwanga irin wannan ba ya barin mai ba da labari. Robobin da ke rufe sandar sitiyari su ma sun yage, ƙasa ta shiga, sai da aka kwance aka wanke aka sa sabon giris.

Baya ya fi nauyi amma ya fi sauƙin fahimta. Da aka sauke aksul muka tarar Baba ya cusa guntayen roba a tsakanin naɗin sifirin, dabarar direbobin haya don kada mota ta zauna in an yi lodi. Biyu daga cikin huɗun sun gaji, ɗaya ya karye a naɗin ƙarshe. Aka sake duka huɗu. Wani abin da 504 ta bambanta da motocin Japan shi ne farfelarta ba a fili take ba, a cikin wani bututun ƙarfe take gudu, daga bayan giya har zuwa aksul. Bututun nan shi ke tura motar gaba, shi ke kuma riƙe aksul kada ya murɗe. Saboda haka mahaɗarsa ta bayan giya tana cikin aikin ƙafa, in ta yi sako-sako za ka ji ƙwal duk sa'ad da ka saki kuloci. Tamu ta yi, aka gyara.

Saɓani na biyu da Yaya a nan ya taso. Ya ce tun da an kwance, a sa sifirin mai tauri a ɗaga bayan, don in ya zo gida ya riƙa ɗauko doya daga ƙauye. Bakanike ya ƙi, ya kuma nuna mini dalili da yatsa. Akwai wani ɗan bawul a ƙarƙashin motar ta baya, an haɗa shi da ƙafa, aikinsa ya auna yadda mota ta zauna. In an yi lodi ta zauna, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, in babu kaya ya rage don kada tayoyin baya su kulle mota ta juya. In ka ɗaga bayan da sifirin da ba nata ba, bawul ɗin zai ɗauka kullum babu kaya, ka cika mota da doya kana gangara da rabin birki. Namu ma tsatsa ta kama shi ya daskare, sai da aka jiƙa shi kwana biyu. Yaya ya haƙura da aka ce masa mai son ɗaukar doya akori-kura zai nema.

Birki duka aka bi, faifai a gaba, ganga a baya. Aka sake robobin masta da tiyo-tiyon roba, aka zubar da tsohon man birki, don yana shan ruwa in ya daɗe. Taya kuwa inci 14 ce, rim ɗinta rami huɗu masu nisa da juna, na yawancin motocin Japan ba ya shiga. Wasu suna huda sababbin ramuka a rim don su tilasta shi, wannan ganganci ne. Kuma ku masu saye a Ikko ku duba gefen taya, akwai lamba huɗu a ƙarshen wani layi, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Taya tana iya zama da zane kamar sabuwa alhali ta tsufa a sito. Da aka gama aka kai ta wurin saitin ƙafa.

INJI DA ABIN DA MUKA SAUYA

Inji bai ba mu wahala yadda na ji tsoro ba. Mai silinda huɗu ne, lita 2, a kwance yake ta gefe ɗaya. Kyawunsa shi ne hannayen rigar silindarsa ana zare su a sa sababbi tare da fistan da zobe, ba sai an kai bulok wurin injin huda ba. Abu guda, in an cire kan inji kada a kuskura a juya shi sai an danne waɗannan riguna, in sun motsa ruwa zai riƙa zuba cikin baƙin mai. Kan injin na alminiyam ne, zafi ke lanƙwasa shi, saboda haka lagireto da famfon ruwa muka fi kashe wa kuɗi.

Masu shawara sun yi ta zuwa, a cire injin a sa na Toyota ko Nissan, wai ya fi shan mai kaɗan. Ana yi, na ga waɗanda aka yi. Amma saboda bututun farfelar nan, giyar wata mota ba ta zama sai an yi yanke-yanke da walda a wurin da bai kamata ba, ga kuma lambar inji ta saɓa da takardu, ka yi ta bayani a kowane shingen hanya. A ganina wanda ke son Toyota ya sayi Toyota. Abin da muka sauya kaɗan ne: muka cire kwantak muka sa na lantarki wanda ba ya bukatar saiti kullum, rewaya ya sake wayoyin da ɓera ya ci, muka ƙara bel na kujeru.

Magana ɗaya ce ta rage a buɗe, ita ce ta mai. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur ran 29 ga watan Mayu na 2023, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 a nan Arewa cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce haka nesa. Fijo mai kafireta kuwa ba ta san tsimi ba. Yaya yana son a mai da ita mai aiki da gas ɗin CNG. Injin zai karɓa, amma tukunyar tana da nauyi, kuma a wagon wurin kujerar ƙarshe za ta ci. Ga shi kuma ba aikin bakin hanya ba ne, matsin wannan gas ya ninka na girki sau da yawa. Cikin watan Oktoba na 2024 wata mota ta fashe a wani gidan gas a Birnin Benin, hukuma ta ce tukunyar ta walda ce ba ta ƙa'ida ba. Mun ajiye maganar sai Yaya ya zo da kansa.

Wata tara bayan bakanike ya shimfiɗa buhunsa a gindin mangwaro, ran wata Asabar da safe, muka fito da ita. Shi ya tuƙa, ni a gefe, yaransa biyu a baya. Muka bi hanyar Shendam har Assakio, da gangan yana neman wurin da kwalta ta fashe yana bi ta kai, kunnensa a ƙasa. Ya saki sitiyari a miƙaƙƙiyar hanya, ba ta ja gefe ba. Ya taka birki da ƙarfi, ta tsaya a miƙe. A dawowa ya ji wata 'yar ƙara a baya ta dama, muka tsaya, ashe marataya salansa ce, ya ɗaure. Da muka iso gida Inna ta fito ta zagaya motar sau biyu, ta buɗe ƙofar gaba ta zauna a inda ta saba zama, ba ta ce komai ba.

Kuɗin da aka kashe, in an haɗa da rabon gado da asarar buhun farko, da sun sayi 'yar ƙaramar Kwatano mai tafiya. Na faɗa wa Yaya haka da lissafi a rubuce, ya ce ya sani. Har yau ba a yi fentin ba, tana yawo a Akurba da tabon walda ja-ja a ƙarƙashin ƙofa, an sabunta takardunta, ita ke kai Inna asibiti a cikin gari. An sa ranar fenti bayan damina, farin da ta zo da shi daga Kaduna. Abin da ya gagara samu shi ne gilashin fitilar baya ta hagu, don na salun ba ya hawa wagon. Fasasshen yana cikin aljihun Yaya, ya shiga Ladipo da shi sau uku, mako mai zuwa zai gwada Badun.